Manassa a Kan Gadon Ƙarfe

Tun da na bar makaranta babu sana'ar da na zauna a cikinta har ta saba da ni. Na yi gyaran waya, na yi wankin mota, na ɗan taɓa aski har na buɗe wa wani mutum hanya a tsakiyar kai. Walda ce kawai ta riƙe ni, ita ma ina jin don ƙararta da tartsatsinta ne, ba ta barin mutum ya zauna ya yi tunani. Oga, mai shagon, yakan ce hannuna yana da kyau, ƙafata ce matsalar.

Mijin yayata ne ya kawo mini aikin farko da zan kira nawa. Motar raba burodi yake tuƙawa, kowa Direba yake ce masa, har Yaya idan ranta ya ɓaci. Ya shigo shagon yana tsallake guntayen rodi, ya juya bokitin fenti ya zauna.

"Auta, gado nake so. Na jariri."

A lokacin cikin Yaya ya tsufa, hoton asibiti kuma ya nuna namiji ne.

"A wajen kai ka rubuta suna da ƙarfe," in ji shi. "Manassa."

"Wannan sunan mutum ne ko na maganin tari?"

"Da ka zauna a aji da ka sani."

Direba mutum ne mai karatu. Idan ana loda masa burodi ba ya hira da kowa, littafin Allah yake buɗewa a kan sitiyari. Ya ce sunan na Ibrananci ne, kuma Yusufu ne ya sa wa ɗansa na fari, bayan 'yan'uwansa sun sayar da shi, bayan bauta da kurkuku a ƙasar da ba tasa ba. Da ya rungumi yaron sai ya ce Allah ya mantar da shi wahalarsa. Ma'anar ke nan: wanda ya sa a manta.

"Kada ka gaya wa yayarka," ya ce. "So nake ta gani kawai."

Na san wahalar da yake nufi. Sun taɓa samun 'ya, wadda muke kira Gwamna saboda tun kafin bakinta ya buɗe sosai take nuna wa kowa inda zai zauna. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana 'yar shekara biyu. Gidan ya daɗe kafin dariya ta sake shiga cikinsa.

Na auna, na yanka bututu, na haɗa ƙafafu. Na sa sandunan gefe kusa da juna yadda kan yaro ba zai shige ba, na goge kowace kusurwa har ta daina kama tsumma. Haruffan na lanƙwasa su da siririn rodi. Su M da A ba su ba ni wuya ba, S ɗin nan guda biyu ne suka sha mini rai, ɗaya ta fito kamar ƙugiya, ɗaya kamar macijin da aka taka. Oga ya yi ta dariya kafin ya nuna mini yadda ake zagaya rodin a jikin bututu.

Matsalata ita ce bakina ma ba ya zama wuri ɗaya. Ranar da na je gidan Yaya cin abinci, tana zaune a kicin ta ɗora ƙafafunta a kan kujera, na ce mata ta shirya, gadon Manassa ya kusa.

"Gadon wa?"

Na yi ƙoƙarin cika bakina da abinci, amma ta janye kwanon. Dole na faɗi komai, har da ma'anar. Ta juya tana kallon tukunyar da ke kan wuta.

"Wato duk lokacin da na kira ɗana, cewa nake na manta da ita."

"Yaya, ba haka yake..."

"Idan ka rubuta sunan nan, kai za ka kwana a gadon." Ta turo mini kwanon. "Kuma kada ka gaya masa na sani. Rabon da in ga mutumin nan yana fito a banɗaki tun tana raye. Ba ni zan kashe masa murna ba. Ka ce ƙarfen ya ƙi."

Ƙarfe ba ya ƙi. Ko Direba ya san haka.

Na koma shago da sirri biyu, kowanne yana taka ɗaya. A da, irin wannan ranar ce nake ajiye kayan aiki in ce zan je in dawo, sai a ji labarina a wata sana'ar. Har na tsaya a bakin ƙofa ina kallon titi. Amma gadon ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa yin abin da ya kai shi ba, na kasa tafiya in bar shi ba fenti.

A walda, kafin ka cika haɗi, ɗigo kake fara yi. Ka taɓa wuta kaɗan a nan, kaɗan a can, don abin ya tsaya ka ja baya ka duba. Idan ya karkace, guduma ɗaya ta isa ta cire shi, ka goge wurin kamar ba a taɓa yi ba. Idan kuwa ka cika, ya zauna ke nan. Sai na jera haruffan a wajen kai, na yi wa kowanne ɗigo, na tsaya a nan. Na kira Yaya na ce in ta taso daga awo ta biyo ta zaɓi launin fenti. Na kira Direba na ce shi ma ya biyo ya zaɓi fenti.

Ita ta fara isowa, tana tafiya tana dafe da ƙugu. Oga ya goge mata kujerarsa da hannun riga, ya ce zai je sayo sandar walda, alhali kwali guda na nan a ƙarƙashin tebur. Ba ta kai ga zama ba motar burodi ta tsaya a waje.

Direba ya dube ta, ya dubi gadon, ya dube ni.

"Auta, Allah ya shirye ka."

"Amin. Ku saurara," na ce. Na ɗauko ƙaramar guduma na miƙa wa Yaya. "Ɗigo ne kawai. Kika buga sau ɗaya, ya faɗi. Kuka ce in cika, in cika. Ni dai ku fitar da ni daga tsakiya."

Ta zauna, ta karɓi gudumar ta ɗora a cinya.

"Kin sani ke nan," in ji Direba.

"Na sani. Kai kana so ka manta, ni ba na so. Na je na karanta wurin da kaina. Ba wahalarsa kaɗai ya ce ya manta ba, har da gidan mahaifinsa. Mutanensa fa ke nan."

Direba ya jawo bokitin fentin ya zauna a gabanta, gwiwarsa tana taɓa tata.

"Kin ci gaba da karantawa?"

"Na san labarin."

"To da 'yan'uwansa suka zo sayen hatsi, wa ya fara gane wani? Su ba su gane shi ba. Shi kallo ɗaya ya yi musu. Ya riƙa tambaya ko tsohon yana da rai, ya riƙa fita yana kuka a ɓoye. Wannan ne mutumin da ya manta da gida?"

Babban yatsan Yaya yana shafa kan gudumar.

"Ni har yau idan na zo wajen shagon da muke saya wa Gwamna balan-balan sai na rage gudu," ya ce. "Na baya su yi ta danna mini oda. Ina jin muryarta tana cewa in tsaya. Wannan ba na so ya tafi, ko an ce in bayar ba zan bayar ba. Abin da nake roƙon Allah ya ɗauke mini shi ne bencin asibitin nan da muka zauna a kai ranar da ta rasu. Da watannin da muka yi ni da ke muna cin abinci kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ba na so yaron nan ya zo ya tarar da mu a can."

Na sunkuya ina tattara guntayen ƙarfen da ba su buƙatar tattarawa. A waje wani yana ta buga ƙofar motar yana tambaya ko akwai burodin sayarwa, babu wanda ya kula shi.

"Me ya hana ka faɗa mini haka tun farko?" in ji Yaya.

"Na ɗauka gadon zai faɗa."

"Gado! Ka ba wannan yaron sirri, kana jiran gado ya yi magana?" Ta nuna ni da gudumar. Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, ta goge da bayan hannu.

Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. Ta zagaya wajen kan gadon, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗi sunan a hankali. Ta sake faɗa da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa da wasa, har mai neman burodin ya leƙo.

"Zan ba shi labarinta," ta ce wa mijinta. "Duka. Har yadda take korar ka daga kujerarka."

"Ni zan fara."

Ta ajiye gudumar a kan tebur.

"Cika shi, Auta."

"Kin tabbata? In na cika, sai dai a yanka."

"Ka ji shi, yau shi ke tambayar mutum ko ya tabbata. Cika, na ce."

Na ce su fita waje, hasken walda ba ya yi wa ido kyau, balle mai ciki. Suka tafi inuwar motar, ya buɗe mata gaba ta zauna, ya yago mata burodi mai ɗumi. Ina jin su suna musu a kan fenti, ita tana cewa shuɗi, shi yana cewa ruwan ƙwai. Na rufe fuskata da baƙin gilashi, na kunna inji, na fara daga M.