Sawun Fensirin Kawu

Ranar da ta fara aiki a ofishin kuɗi na kamfanin robobi, Kawunta ne babban akanta. Ya zare fensirin da ta soke a ɗankwali, ya jefa cikin aljihun teburinsa, ya miƙa mata biro. "A ofishin nan, 'yata, kada ki riƙe abin da ake gogewa," in ji shi. Ta yi dariya, domin shi kansa kullum da fensir a bayan kunne.

Yau wata takwas ke nan da hawan jini ya kayar da shi. Yana gida a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai an kasa kunne. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya biya mata makaranta, yanzu kuma kujerarsa ta gada, har da sunan. Kowa Akanta yake ce mata.

Safiyar nan take rufe lissafin shekara a karon farko, odita mai binciken lissafi kuma zai iso ƙarfe sha ɗaya. Ba tsohon nan ba ne da ke zuwa ya sha shayi ya tafi. Banki ne ya turo sabo, wanda aka ce ko kuɗin ashana sai ya nemi rasit.

Don gudun abin kunya ta ɗauko yarjejeniyar takardun bashin da kamfanin ya sayar wa jama'a shekara biyar da suka wuce, lokacin da aka sayo sababbin injina. Ta san labarin yadda kowa ya san shi: an karɓi kuɗin gida, ana biyan ruwa duk shekara da kuɗin gida. Sai a shafi na arba'in da ɗaya idonta ya tsaya. Uwar kuɗin, ranar biya, da kuɗin ƙetare za a mayar da ita.

Ta sake karantawa, tana bin layin da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Bashi irin wannan ba a barinsa yadda aka ciwo shi. Duk ƙarshen shekara sai an auna shi da canjin ranar, a rubuta abin da ya zama. Ta jawo babban littafin da Kawu ya ƙi rabuwa da shi ko bayan zuwan kwamfuta. Shekara huɗu, adadi ɗaya, bai motsa ba. Canji kuwa ya ninka uku, ko mai sayar da tumatir ta san wannan. Saura wata goma sha huɗu a biya.

Fanka na juyawa a kanta amma zufa ta jiƙe mata baya. A ƙarƙashin kowace shekara ga sa hannun Kawu, da doguwar jelar nan da yake ja a ƙarshe.

Ta rungumi littafin ta nufi ofishin manaja, wanda ma'aikata ke kira Ba-Komai a bayan idonsa, don ko gobara aka ce masa ta tashi amsarsa ke nan. Yana gyaran farce ya saurare ta.

"Ba komai," ya ce. "Ki sa yadda Kawunki ke sawa."

"Ranka ya daɗe, ba haka bashin yake ba. Ya ninka uku."

"Wa ya ce yau za a biya? Kafin ranar canji ya sauko." Ya ɗago kai ya yi mata murmushin da ya fi tsawa ban tsoro. "In kin taɓa na bana, kin tono na baya. Na baya kuwa ba hannuna ne a kai ba. Mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa, shi kike so a ɗauko a kujera a kai gaban hukuma? Ke dai kin san gidan da kika ci abinci."

Ta koma teburinta. Ƙarfe goma da kwata. Ta riƙa lallashin kanta: wataƙila Kawu bai taɓa kaiwa shafi na arba'in da ɗaya ba. Tsufa ne, ido ne, kuskure ne, kuma kuskure ana yafewa. Bakin gaskiya, gara a ce bai iya aiki ba da a ce maƙaryaci ne.

Ta tura littafin gefe, hasken taga ya faɗo a kansa a karkace. A nan ta ga sawun. Gefen kowane adadi takardar ta yi laushi saboda guga, amma bakin fensir ya bar gurbi. Ta sunkuya har hancinta na taɓa shafin. Adadin gaskiya ne, shekara bayan shekara yana hawa, an rubuta an goge. Sau huɗu Kawu ya auna bashin daidai, sau huɗu ya sa magogi.

Ya sani ke nan. Tsoro ya rufe ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kwashe shi zuwa asibiti. Ta buɗe aljihun teburin neman hankici, sai ga fensirinta na ranar farko a can ƙurya, ko fiƙewa ba a sake yi ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe aljihun, ta ɗauki biro. Ta rubuta adadin cikakke, ta sa hannu.

Odita ya iso sha ɗaya saura minti biyar, siririn mutum mai tabarau, ya ƙi shayi. Ya duba shafin bana, ya koma baya, ya sake dawowa. Ta ga Ba-Komai tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

"Wannan daidai ne, Malama," in ji odita. Ya ɗora yatsa a kan doguwar jelar. "Waɗannan huɗun fa, hannun wa ne?"

Ta tuna da yamma ita ce za ta ba Kawu magani a baki, kamar kullum.

"Kawuna ne," ta ce. "Shi ya koya mini aikin."