Tagar Inna

Mai hasashen yanayi ya hango guguwar ƙura a kwamfutarsa tun tana nesa. Nan da nan ya gargaɗi filin jirgi, asibitoci da gidajen rediyo.

Innarsa kuwa, mai fama da asma, ba ta rufe taga don maganar rediyo. Sai ɗanta ya kira tukuna. "Wa ya san iska kamar yarona?" take cewa.

Ran nan aiki ya sha kansa. Bai tuna da ita ba sai da sama ta yi jawur.

Ya tarar da tagar a buɗe, maƙwabciya ta riga ta lulluɓe Inna da zane.

"Na ce mu rufe," in ji matar tana kuka. "Ta ce a'a, da akwai wani abu da ka kira."