Kunamar Bindigar Sammani

Magana biyu ce ta karaɗe ƙauyen, tun daga bakin kanal har kasuwar Kura. Wasu suka ce bindigar Sammani maharbi ta gado ce mai iska, duk shekarar da ba a yanka mata baƙin zakara ba sai ta nemi jini da kanta. Wasu suka ce babu wata iska, da gangan ya auna Musaddiƙ, don kowa ya ji cacar bakin da suka yi a kan wanda zai fara jan ruwa zuwa gonar shinkafarsa. Abin da ba a yi musu a kansa ba shi ne Musaddiƙ na kwance da dalma a cinya, kuma 'yan'uwansa sun gaya wa mai unguwa in ba a fayyace maganar bayan sallar Juma'a ba, sai wajen 'yan sanda.

Malama Rekiya, yayar Sammani, ko ɗaya ba ta shige ta ba. Ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli, ta saba da labarin da yake ƙara ƙiba daga baki zuwa baki. Ta san ƙanenta mai faɗa ne, amma faɗansa a fatar baki yake ƙarewa. Zancen zakara kuwa, gida ɗaya suka tashi, ba ta taɓa ganin mahaifinsu ya yanka wa bindigar ko fara ba.

Ta same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, an ajiye masa kwanon dambu. Ya ce ya fita korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa ne, bindiga a ɗane kamar kullum. Da ya zo ƙaramin kanal ya dogara gindinta a kan siminti zai tsallaka, sai kawai ta tashi, ga Musaddiƙ a ɗaya gefen yana gyara tiyo.

"Yaya, ban taɓa kunamar ba. Ke ma kin san halin kayan gado."

"Na san halin masu gadon dai," in ji ta.

Ta ce za ta je gidan mai unguwa inda aka ajiye bindigar ta duba ta. Ya ɓata rai, ya ce mace ba ta taɓa bindigar maharbi, laƙaninta karyewa yake yi.

"Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, naka laƙanin bai karye ba."

Bai yi dariya ba. Ya sa hannu a kwano, a nan idonta ya tsaya. Yatsu huɗu suna aiki, manuni kuwa yana tsaye ƙiƙam kamar ba a gayyace shi cin abincin ba. Da ya lura da inda take kallo, sai ya ce ya ƙoshi, ya cusa hannun cikin riga.

Daga nan ta wuce maƙerar Tambaya, wanda duk maharban yankin suke kai wa gyara. Tambaya bai so magana ba, amma tsohuwar malamarsa ce. Ya ce kafin damina Sammani ya kawo bindigar, wai kunama ta yi tauri. Ya nuna mata a jikin wata da ke rataye: akwai ɗan haƙorin ƙarfe da yake riƙe bindiga in an ɗana ta. In aka goge shi kaɗan, kunama ta yi laushi. In aka zarce, haƙorin ba ya riƙe komai. Shi ya goga daidai gwargwado, Sammani ya ce a ƙara, ya ƙi. Bayan 'yan kwanaki Sammani ya dawo aron magagari, ya ce laujensa zai wasa.

"A hannunka kunamar ta yi tauri?" ta tambaye shi.

"Malama, lafiyarta lau tun kafin na taɓa ta."

Ranar Juma'a zauren mai unguwa ya cika. 'Yan'uwan Musaddiƙ a gefe guda, maharba a gefe guda, Sammani a tsakiya kansa a ƙasa. Da Malama Rekiya ta yi sallama ta shigo, ya ɗago ya matso kusa da ita.

"Yaya, ki bar ta a kan iskar," ya ce a hankali. "Don Allah."

Ta gane abin da yake roƙo. Mai bindigar iska maharbi ne har gobe, tsoronsa ma za a ƙara ji. Wanda yatsansa ya mutu kuwa, sai dai ya koma kaɗa gwangwani a bakin gona. Amma iska ba ta zuwa ofishin 'yan sanda ta ba da shaida. Sammani za a tafi da shi.

Ta roƙi mai unguwa a tabbatar babu albarushi a ciki. Aka tabbatar. Da ta miƙa hannu maharba suka fara gunaguni, mai unguwa ya ce su bar ta, ai ta haifi wasunsu. Ta ɗana bindigar da ƙyar, da manyan yatsunta biyu. Ta riƙe ta ta hanci, yadda kowa zai ga hannunta ya yi nisa da kunama, ta dogara gindinta a daɓe kamar mai shirin tsallaka kanal.

Ƙas.

Babban wan Musaddiƙ ya ce a ba shi. Ya ɗana, ya dogara, shi ma ta ce masa ƙas. Ya juya ta yana duban wurin da ƙarfe yake ƙyalli sabo, sannan ya ajiye ta a tabarma ya koma wurin zamansa.

Mai unguwa ya ce, "Malama, me muka gani ke nan?"

Ta dubi ƙanenta. Hannunsa na dama yana cikin riga.

"Ranka ya daɗe, bindigar ba ta da iska, Sammani kuma bai nufi Musaddiƙ ba. Yatsansa ne ya daina lanƙwasawa, sai ya goge kunamar da magagari."