Sunan da ke Kan Kabarin Wincenty

Steponas ne ya sassaƙa dutsen kabarin Wincenty, kuma ya rubuta sunan da mamacin ya roƙe shi kada ya rubuta.

Shekara hamsin suna maƙwabtaka a garin Eišiškės, a ƙasar Lithuania. Wincenty jinin Poland ne. Uwarsa ta raɗa masa Wincenty Łukaszewicz, hukuma ta mayar da shi irin na yaren Lithuania, Vincentas Lukaševičius, a kowace takarda, tun daga ta makaranta har ta asibiti. Kwana uku kafin ya cika, ya riƙe hannun Steponas ya ce, "Kai mai taurin kai, ko a dutse dai ka rubuta ni yadda uwata ta rubuta ni." Steponas ya ce to.

Amma ƙa'idarsa tun yana saurayi, abin da ke takardar mutuwa shi yake kwafa. Karatunsa bai yi nisa ba, da wannan yake tsira daga kuskure. Ranar aikin ya ɗauko takardar. Bai manta alkawarin ba. Ya ce a ransa ai nan Lithuania ce, ya ɗaga guduma.

Tun daga ranar, abinci ya daina yi masa daɗi.

Farkon Nuwamba, ranar kunna wa matattu kyandir, ya tarar da Leokadia, matar mamacin, tana kwashe busassun ganye daga kan kabarin. Ya tsaya bayanta, hula a hannu. Ya yi zancen sanyi, ya tambayi ciwon gwiwarta. Ta amsa ba tare da ta juyo ba. Sai ya faɗa mata gaskiya: an roƙe shi, ya ɗauki alkawari, ya karya. Ta ce ta sani, tana bakin ƙofar ɗakin asibitin a ranar.

"Pani Leokadia," ya ce, yana kiran ta uwargida da yaren Poland, "bari in goge fuskar dutsen in sake. Aikin kwana biyu ne, kafin ƙanƙara ta sauka."

Ta kunna kyandir, ta kare shi da tafin hannu. Ta ce ma'aikatan ofis ba su san mijinta ba, shi ya sa ya yafe musu. Steponas kuwa ya sha miyar gidansu shekara hamsin. Kuma ta nan hanyar shagonsa ta bi, zai riƙa karanta aikinsa kowace safiya.

Ya ce yana roƙonta. Bai taɓa roƙon kowa ba.

Ta miƙe da ƙyar, ta karkaɗe gwiwa.

"A'a," ta ce. "Ba za ka taɓa shi ba."