Faifai Biyu a Zauren Bulama

A tsakar gidan Adamu masunci suka tuɓe wa 'yata Hajo zani, rana tsaka, gaban maza da mata. Ɗansa na kwance a tabarma, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, ƙudaje na bin inda gudawa ta jiƙa. Suka ce mayya ce, ta tsallake shi sau uku ta saki kurwarsa. Ta tsallake, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a gaba, tana kuka ba sauti.

Na kutsa cikin taron na tambayi Adamu, "In yaron nan ya tashi, me za ku ce?"

Ya ce, "Ta sake shi ke nan."

"In ya mutu fa?"

"Ta riga ta cinye."

"To me zai faru da shi ku ce ba ita ba ce?"

Kafin la'asar yaron ya cika.

Sunana Saude. Ni ce ungozomar ƙauyenmu, nan gefen Auyo, kuma babu gidan da ban shiga da aska ba. Ban san baƙi ba, allo ma ban taɓa riƙewa ba, amma ina da ido, kuma abin da aka yi wa 'yata zalunci ne. A shekarar nan kogi ya yi ambaliyar da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ya cinye shinkafa, ya shiga gidajen gangare, ya kwashe abin da ke cikin masai ya zuba a tafkin da rabin gari ke sha. Da ruwa ya fara ja, sai amai da gudawa suka sauka a kan yara. Hajo koko take sayarwa da safe a gindin tsamiya. Wata uwa ta ce ɗanta ya sha kokon Hajo ranar da ya kwanta. Wata ta ce nata ma haka. Kowa ya tuna, domin yaron da bai sha kokon nan ba a garin ai kaɗan ne.

Washegarin mutuwar ɗan Adamu aka sa ta a kwalekwale aka kai ta wani tudu tsallaken ruwa, inda masunta suka bar bukka. Mijinta Musa ya sake ta a bakin gaɓa. Ya kuma ɓamɓare Umma daga bayanta, jaririya da ko haƙori ba ta fitar ba, wai maita a nono ake shanta. Aka miƙa ta ga uwarsa, tana ɗura mata kunu da ruwan tafki.

* * *

Ban iya barci ba, ban iya cin abinci ba. Sai na zauna da faifai biyu, da ƙwaryar farin wake, da 'ya'yan tsamiya. Na bi gari a kaina gida gida, tun daga gangare har tudu. Duk yaron da ya isa shan koko na san shi, ni na yanke masa cibiya. Mai rai na ajiye masa wake, wanda muka binne na ajiye masa ɗan tsamiya. Masu shan kokon Hajo a faifai ɗaya, waɗanda iyayensu ke dama nasu a gida a ɗayan. Inda na yi shakka na tashi na je na tambayi uwar yaron, ban yarda in cika da zato ba, don na san zuciyata tana son 'yata ta fita.

Na gama, na duba abin da ya fito. Na ɗauki faifan nan biyu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, na nufi zauren Bulama Ya'u.

Yana zaune a buzu, dattawa kewaye da shi. Adamu na nan, Musa na raɓe a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na durƙusa na gaishe su.

Bulama ya ce, "Iya Saude, talla kika kawo mana?"

Aka yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. A duba min nan. Wannan faifan yaran da ke shan kokon Hajo ne, su talatin, shida sun mutu. Wannan waɗanda ba su taɓa sa shi a baki ba, sha biyar, uku sun mutu."

Adamu ya yi tsaki. "Kin kawo shaida a kan 'yarki da hannunki. Shida ai ta fi uku."

"Kai da kake kama kifi, in ka jefa koma a babban gurbi ka samu shida, ka jefa a ƙarami ka samu uku, sai ka ce babban yana da aljani? Matso ka gani."

Na rarraba su biyar biyar a kan faifan. Kowane tsibi wake huɗu, ɗan tsamiya ɗaya. Na koma ɗaya faifan na yi haka. Wake huɗu, ɗan tsamiya ɗaya. Na ce, "Ga shi nan. Wanda ya sha da wanda bai sha ba, mutuwa ɗaya take ɗauka cikin biyar. In Hajo ke ci, wa ke cin 'ya'yan da ba su taɓa zuwa gindin tsamiya ba? Kun ƙirga waɗanda suka sha suka mutu. Waɗanda suka sha suna can suna wasa a turɓaya, ba wanda ya ƙirga su. Kuma tun da kuka kai ta tudu an binne biyu. Kokon wa suka sha?"

Wani dattijo ya sunkuya yana taɓa waken da yatsa, yana motsa baki.

Ban tsaya ba. Na juye duka a ƙasa na sake raba su, wannan karon ba da koko ba, da ruwan da ake sha a gidajensu. Masu ɗiba a tafki gefe, masu ɗiba a rijiyar unguwar tudu gefe, kusan rabi da rabi. 'Ya'yan tsamiya takwas suka faɗa wajen tafki. Ɗaya tak wajen rijiya.

Na ce, "Ban ce na sani ba, Allah ne masani. Amma a gwada. A raba gidajen gangare biyu, rabi su koma ɗiba a rijiya, rabi su zauna yadda suke, har kasuwa ta ci sau biyu. In ciwon bai bambanta ba, ku ce tsohuwa ta yi ƙarya. In ya bambanta, ku dawo min da 'yata, ku mayar mata da jaririyarta."

Rijiyar nan tana cikin dangar Bulama, kusa da turken dokinsa da lambun albasarsa. Na ga ya dube ta ta ƙofar baya. Na ga yana hango matan gangare da tuluna suna tattake masa fage safe da yamma. Ya daɗe yana shafa gemu.

Sai ya nuna ɗan tsamiya ɗaya da sandarsa. "Wannan wane ne?"

"Ɗan Adamu ne."

"Wannan waken fa?"

"Jikanka ne, na wajen Gambo."

Ya janye ƙafarsa kamar ya ga kunama. "Jikana kika sa a faifai? Wa ya ba ki izinin ƙirga 'ya'yan mutane? Ko uwa ba ta ƙirga nata, ta san abin da ƙirga ke jawowa. Ke kin zauna a ɗaki kin jera su ɗaya ɗaya, har kin ware wanda zai tafi cikin kowane biyar."

"Ban ware ba, ranka ya daɗe. Waɗanda suka riga suka tafi na nuna."

Adamu ya miƙe tsaye. "Ai har mun manta. Nonon wa Hajo ta sha?"

Dattijon da ke taɓa waken ya goge yatsansa a riga, ya ja da baya. Na juya wajen surukina na ce, "Musa, kai ka ga inda 'ya'yan tsamiyar nan suka faɗa. Gidanku a gangare yake. Ko ba ka yarda da ni ba, ka hana a ba Umma ruwan tafki." Bai ɗago kai ba.

Bulama ya sa aka share waken aka watsa a wuta. Ya ce saboda furfurata ba za a tuɓe ni ba, amma kada rana ta faɗi ina cikin gari.

* * *

Wani masunci baƙo ne ya yarda ya haye da ni, shi ma sai da ya ce in zauna can ƙarshen jirgi. Ban fasa ba. Zan je Haɗeja ko da rarrafe, in faɗa wa duk mai kunne. Wanda ya ji labarin nan ya faɗa wa na gaba, a san cewa an nuna musu, da idonsu suka gani.

Hajo na tsaye a bakin tudu tun kafin jirgi ya tsaya. Ta rame, zaninta ya jiƙe a ƙirji, nono na zuba ba mai sha. Ta ga ƙunshin kayana a kaina, ba ta tambaye ni abin da Bulama ya ce ba. Ta karɓa ta sauke min.

Muna nan tsaye sai iska ta kawo kukan mata daga gari, ta kan ruwa, siriri. Hajo ta riƙe min hannu. Muka karkata kai muna saurare, ko za mu gane daga wane gidan gangare yake fitowa.