Tagogin Inna Biyu

Ni na jawo wa kaina, ba wanda ya aike ni. Manhajar hira nake ginawa a wurin aiki, sai na ɗora ta a tsohuwar kwamfutar falo, na lallaɓi Inna ta gwada min ta hanyar yin hira da Yayata da ƙanena Auta. Yaya da Auta kuwa ba sa ga-maciji tun da Yaya ta kyautar da keken ɗinkin marigayi Baba ba shawara. Inna ta ce ta yarda, amma kowa da tagarsa ta hira a fuskar kwamfutar, kada su haɗu.

Abu mai sauƙi! Na ba kowace taga zarenta, wato hanyar aikinta daban, don kada ɗaya ta jira ɗaya. Abokin aikina Dogo ya gani ya kama haɓa. "Zare ɗaya ya kamata ya riƙa taɓa tagogi, sauran su miƙa masa saƙo. Ga shi ma duk a wuri ɗaya suke ajiye sunan wanda za a aika wa." Na ce masa ya ji da nasa aikin.

Inna da yatsa ɗaya take rubutu, tabarau a kan hanci. Ranar Asabar da hantsi tana lallashin Auta, saƙon Yaya ya faɗo daidai lokacin da ta danna aikawa. Kwamfutar ta yi tsit, sannan ta farfaɗo.

"Ke! Zo nan. Me ya kai maganata ɗakin yayarki?"

Na leƙa. Ga shi ɓaro-ɓaro a tagar Yaya: "Kai ne da gaskiya, ɗan albarka. Ka san halinta, haƙuri za ka yi." Ashe ita ma Yaya abin da Inna ke gaya mata ke nan kullum. Haba Inna! Ba a jima ba Yaya ta kwashe saƙonnin da Inna ke aika mata kaf ta tura wa Auta.

Haushi kamar ya kashe ni. Na ji haushin manhajar, na ji haushin Dogo da ya yi gaskiya, na kuma ji haushin Inna da wannan sulhu nata na kowa-ya-ci. Na zauna ko ruwa ban sha ba, na mayar da komai kan zare ɗaya.

"Na gyara, Inna. Yanzu ba za su sake cakuɗewa ba."

Ba ta kalle ni ba. Tagogin biyu suna aiki lafiya lau, ba mai rubutowa a cikinsu. Na miƙa hannu zan kashe, ta riƙe min tsintsiyar hannu.

"Bar su a buɗe," in ji ta.