Tsamiyar Yari

Inna Hadijatu ta kwantar da yaron a cinyarta, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta tsiyaya koko mai kauri. Yaron ya shaƙe, ya yi tari, ya banƙare, sannan kukan ya dawo, irin kukan da ya riga ya dishe.

"Haɗiye, ɗan nema! Haɗiye!" in ji Inna.

Hindatu tana bakin turmi, ta ba su baya. Ita ce uwar yaron, Inna kuwa uwar mijinta ce. Taɓarya na hawa na sauka, amma rabin dakan a leɓen turmi yake ƙarewa. Nono ya cika mata ƙirji har ya jiƙa zanenta, duk da haka ba ta juyo ba. Halliru ɗan farinta ne. Ɗan fari kuwa ba a kallonsa a gaban surukai, ba a kama sunansa, ba a ba shi nono sai a ɓoye, a tsaitsaye, kamar mai sata. Haka ta ga uwarta ta yi, haka aka yaba wa kakarta. Kunya muke ce da wannan, muna faɗa muna gyaɗa kai, sai ka ce ladabin uwa yana cika cikin jariri. Allah kaɗai ya san 'ya'yan fari nawa muka binne muna wannan yabo.

Yaron bai daɗe da fara zama ba. Tun kasuwar da ta wuce bai yi bayan gida na kirki ba, sai 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar na akuya, su ma da nishi da ihu. Ga bazara ta kankama, ga nono ba ya samu sai jefi-jefi, ga ɗuren koko safe da yamma. Cikinsa ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Ubansa Mukhtari ya bi jakuna zuwa Tozai, kuma ko yana gida, shi ma kunyar ce za ta fitar da shi zaure.

Sai wata murya ta ratso dangar kara daga gidan maƙwabta, siririya, da tari a ƙarshenta.

"Hadijatu! Mi kinka yi ma mijina da sassafe?"

Gwaggo Tasalla ce. Duk ɗan da aka haifa a unguwar, a wasa mijinta ne, duk 'ya kuma abokiyar faɗanta.

"Ke dai ki ji da ciwonki, Tasalla. Koko nike ba shi."

"Wanga ba kukan yunwa ba na. Kukan mai nishi na."

"Na sani. Cikinai ya kumbura. Gobe da hantsi wanzami za ya zo ya yi mai tsaga, mugun jinin ya hita."

Taɓaryar Hindatu ta tsaya a sama. Ta taɓa ganin an yi wa ɗan yayarta irin wannan tsaga, jere-jere a kan ciki, aka shafa toka. Ta tuna yadda wurin ya yi ruwa, ta tuna ƙudaje. Ta sauke taɓaryar a hankali, ta ci gaba da daka. Wace ce ita da za ta sa baki a maganar ɗan fari?

Wanda bai san Illela ta wancan lokaci ba, bai san gidan Gwaggo Tasalla ba. Ɗaki ɗaya ne da rumbu da randa a gindin wata 'yar bishiyar ƙirya, amma babu yaron unguwa da bai lashi ƙwaryar gidan ba. Mata suna son ta, suna kuma tsoron bakinta. A bayan idonta suna ce mata marar ta-ido, saboda abu guda: tun tana yarinya take kiran ɗan farinta da sunansa. "Yari!" za ta ƙwala a tsakiyar kasuwa, har Fulani masu tallar nono su sunkuyar da kai don kunyar da ita ba ta ji ba. In an yi mata magana sai ta ce, "Ni nih haihe shi, ba aro nai niy yi ba."

Mijinta ya rasu ya bar mata gona a kan hanyar Ƙonni, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Shekarar da Turawa suka zo da 'yan dako da igiyoyin awo suka kakkafa turaku, aka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi, sai tsamiyar ta faɗa can. Tasalla ba ta fasa zuwa ba. "Tsamiya ba ta jin Faransanci," in ji ta. Ƙafa ce ta hana ta daga baya. Tun fitar sanyi ƙafafun suka kumbura, tari ya zauna mata a ƙirji, ta kwanta. An aika wa Yari, wanda ya yi aure ya zauna a Ƙonni, aka tarar ya yi arewa da fatake. Shi take jira.

Da rana ta take, Inna ta yafa zane za ta gidan suna.

"In kin dama hura ki kai ma waccan mai bakin. Yaro na barci, kar ki tashe shi."

Ba barci yake ba, gajiya ce. Hindatu ta dama fura, ta tsaya a bakin ɗakin Inna tana kallonsa. Ta leƙa zaure, ba kowa. Ta sunkuce shi, ta riƙe ƙwarya da ɗaya hannun, ta kutsa ta wata kafa da awaki suka yi a jikin danga.

Ɗakin Gwaggo yana warin hayaƙi da man shanu. Tana kwance a gadon kara, ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa. Idon ne kawai bai canza ba.

"Aje hurar. Miƙo mani ango."

Ta ɗora tafin hannu a cikin yaron, ta ɗan danna. Ya tsandara ihu.

"Kai, rufe mana baki, mijin banza. Ko cefane ba ka yi, sai faɗa." Ta dubi Hindatu. "Yaushe rabonai da nono?"

Hindatu ta sunkuyar da kai. "Da asuba, Gwaggo. Kaɗan."

"Kaɗan! Ga ki kamar saniyar da anka raba da maraƙi. Ruwa fa? Ana ba shi?"

"Koko dai."

"Wanga zahi, a cika ma yaro ciki da koko kamar ana yaɓen ɗaki, ba nono ba ruwa, kuma a ce jini na? Mi sunanai?"

"Gwaggo, ai kin sani."

"Na mance. Tsuhwa."

Hindatu ta hau murza bakin zane. Tsohuwar ta yi tsaki.

"To, riƙe abinki. Zamna nan ki ba shi nono. Ba surukarki a ɗakin ga, ni kuma na kusa zuwa inda ba a tsegumi."

Hindatu ta zauna a tabarma. Karo na farko ke nan da ta ba ɗanta nono a zaune, ba ta kasa kunne ga takun kowa ba. Ya kama da ƙarfi har ta ji zafi, ya sha, ya huta, ya sake kamawa, hannunsa na wasa da tsakiyar wuyanta. Ashe yana da ɗan tabo baƙi a bayan kunne. Ba ta taɓa gani ba.

"Yanzu ɗora ruwa, kar shi tahwasa, ɗumi kawai. Sannan sa hannu cikin tukunyar can ta bayan gado."

Abin da Hindatu ta zaro curin tsamiya ne guda, naɗe a tsumma, ya yi baƙi don daɗewa. Ta san labarinsa, duk unguwa an sani. Shi ne na ƙarshe da Gwaggo ta tsinko da hannunta kafin ƙafa ta ƙi. Ta ajiye shi don ranar da Yari zai zo ta dama masa kunun tsamiya, domin ya ce na kowa ba ya yi masa daɗi sai na bishiyar ubansa.

"Gwaggo, wagga ta Yari ta. Bari in nemo wata a kasuwa."

"Kasuwa sai jibi, aska kuwa gobe. Yari ƙato na, ya sha rabonai. Ɓantari."

Ta ɓantara, ta jiƙa a ruwan da aka dafa ya huce, ta tace da tsumma mai tsabta har ya zama ruwa-ruwa, tsaminsa kaɗan. Gwaggo ta hana ta ɗure. Da bakin ludayi aka ba shi, kaɗan-kaɗan, yana yamutsa fuska yana lasa. Sannan suka zaunar da shi a babbar ƙwarya cikin ruwan ɗumi har jikinsa ya saki.

Gwaggo ta lakato man shanu, ta kai hannu cikinsa, sai hannun ya hau rawa. Ta gwada, ta sake gwadawa, tari ya turnuƙe ta. Da ya lafa sai ta koma ta kwanta, idonta ya yi ja.

"Hannuna ya tahi ya bar ni. Ke za ki yi."

"Ban iya ba."

"Wa anka haihwa da iyawa? Fara nan, ƙasan cibiya ta damanai. Hau sama. Ƙetare. Gangara ta hagu. Sannu, ba tuwo kike tuƙi ba. Haka. Yanzu kama ƙahwahunai, naɗe su zuwa ciki, miƙe, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tahiya Ƙonni."

Hindatu ta yi ta yi. Inuwar ƙirya ta bar bakin randa ta kai bakin ɗaki. Yaron ya yi tusa, Gwaggo ta ce, "Madalla, ango ya yi sallama." Daga nan ta shiga jero mata sauran: a daina ɗure, a sirka kokon ya yi ruwa, a dafa kabewa a murje masa, a riƙa ba shi dafaffen ruwa, nono kuwa duk sanda ya nema. Ita ma Hindatu ta sha ruwa, ta ci miyar kuka da yakuwa. In kuma ya fara amai ko jikinsa ya yi zafi, to wannan ya wuce tsamiya, kada ta zauna kunya.

Ana kiran la'asar suka ji muryar Inna a tsakar gida, sannan a bakin ƙofa.

"Lalle! Ɗiyar mutane, a gabana kike kunya, a bayana ki sabi yaro ki ƙetare danga?"

Hindatu ta miƙe tsaye da yaron. Ta dubi Gwaggo, tana jiran bakin nan da duk Illela ke tsoro ya tare mata. Gwaggo ta rufe ido kamar mai barci. Da gangan ta yi.

"Miƙo shi," in ji Inna. "Gobe a yi mai abin da za a yi."

Hindatu ta ja da baya. Ta ƙara matse yaron.

"Inna, don Allah a bar wanzamin. Ba jini ba na. Kashi na ya ƙi hita, ƙishi ya yi mai yawa. A ba ni shi kwana biyu."

Inna ta riƙe haɓa. Tun da aka kawo yarinyar nan gidan ba ta taɓa jin magana mai tsawon wannan daga bakinta ba. Kafin ta samo amsa Gwaggo ta buɗe ido ɗaya.

"Ku aje mani mijina nan ku yi faɗanku da kyau."

Aka kwantar da shi a gefenta. Ya yi shiru, ya ƙura wa rufin ɗaki ido, fuskarsa ta yi ja, ya yi wani nishi mai tsawo. Sai ga shi, mai taurin ya fara fitowa, mai laushi ya biyo, har ya ɓata zanen saƙin da Gwaggo ta lulluɓa da shi.

"La ilaha!" in ji Inna.

Gwaggo ta kama dariya, tari na katse ta, hawaye na bin kuncinta. "Kun gani? Shekara da shekaru ina aure a unguwar ga, yau dai na samu mijin da ya kawo mani kaya har gado!"

Inna ma ba ta san sanda dariyar ta kuɓuce mata ba. Ta tsuguna tana naɗe zanen, tana cewa, "Ke dai Tasalla ba ki mutuwa da daɗi." Ba ta sake ambaton wanzami ba. Da ya zo washegari, goro aka ba shi a zaure ya koma.

Gwaggo Tasalla ba ta ga wata Juma'ar ba bayan wadda ta biyo. Kullum Hindatu na kutsawa ta kafar danga da fura da yaro, kullum furar na dawowa kusan yadda ta je. Ran da Gwaggo za ta cika, da hantsi ne, Inna na riƙe da kanta tana yi mata kalmar shahada. Ta karɓa. Can kuma ta juya ido wajen ƙofa, ta ce, "Yari," ba da ƙarfi irin na kasuwa ba, a hankali, kamar yana zaune a bakin gadon. Shi ke nan.

Yari ya iso an riga an share makoki. Dogo ne, da furfura a gemu. Ya zauna a gindin ƙirya. Hindatu ta dama kunu da ragowar curin, Inna da kanta ta miƙa masa ta saman danga. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe ƙwaryar a hannu, ya daɗe bai sake kurɓa ba.

Da ruwan farko ya sauka, gidan Gwaggo ya zama na awaki. Amma a gindin randar Hindatu, inda ta watsar da tsabar tsamiyar, wani ɗan tsiro ya fito da ganye biyu. Wata safiya Inna na kaɗi a inuwa, Hindatu na tankaɗe, yaron ya rarrafo, ciki sake, ya kai hannu zai tumɓuke shi.

"Halliru, bari!"

Maganar ta riga ta fita. Hindatu ta tsaya da rariya a hannu. Inna ba ta ɗago ba. Ta lashi yatsa, ta murza mazari, zaren ya ci gaba da sauka.